Ranar da Lusweti Ya Je Gidan Surukai a Keke Mara Birki

"Ku buɗe kunnuwanku, jahilan boda-boda! Mutum biyu ne kaɗai suka san keke a duniyar nan: Baturen da ya ƙera shi, da ni. Shi kuwa Baturen ya daɗe da mutuwa."

Lusweti ke nan, mai gyaran keke a gindin bishiyar da ke bakin tasharmu ta Kimilili. Sufana uku gare shi duk duniya, ɗaya ma bakinta ya wangale, amma ya sa an rubuta masa allo da jan fenti: INJINIYA LUSWETI. Mu 'yan boda-boda, masu ɗaukar fasinja a bayan keke, Farfesa Faci muke kiransa. In ka cire liƙe taya, duk keken da ya taɓa sai ya koma gida da ciwon da bai zo da shi ba.

Ni Situma, ni ne amininsa, kuma ni kaɗai ke iya zama kusa da shi awa guda ban toshe kunne ba. Na taɓa makaranta har aji biyu na sakandare, kafin mu samu ɗan saɓani da hedimasta a kan wani bunsuru da aka tsinta a ofishinsa. Shi ya sa in ana maganar ilimi a tasha, ni ake kallo.

To, ga abin da ya kumbura wa Farfesa kai a makon nan. Yana son Naliaka, 'yar Baba Murunga na ƙauyen da ke can ƙasan gangara. Ita ma tana sonsa, Allah kaɗai ya san dalili. Tsohon ne ya ƙi sakin jiki. Ya aiko da saƙo cewa: "An ce mini bakin yaron nan ya fi hannunsa aiki. Ya zo ranar Asabar ya zauna a gaban dattawa mu ga natsuwarsa. In ta yi mana, a shiga maganar shanun sadaki. In ba ta yi ba, kowa ya kama gabansa."

Zama kawai fa aka ce ya yi. Zama! Abin da kaza ma ke yi a kan ƙwai ba tare da an kai ta makaranta ba.

Amma Lusweti ya riga ya ga wani bidiyo a waya.

"Situma, zo ka sha kallo. Samarin Nairobi ne. Ka ga kekunansu? Ba kariya, ba madigadi, ba birki. Giya ɗaya tal. Taya na juyawa, feda na juyawa, babu hutu. In kana son tsayawa, ƙafa za ka sa ka danne feda, keke ya ce maka ranka ya daɗe."

"Ba birki fa ka ce, Farfesa?"

"Birki na matsorata ne. Da irin wannan zan shiga gidan tsohon nan. In zo a guje, in danne, in tsaya cak a gaban kujerarsa. Kafin in sauka ya ba ni Naliaka, ya ƙara mini da maraƙi."

Ni mutum ne mai son ci gaban abokinsa. Na ce masa, "Farfesa, tunda aka haife ni ban taɓa jin dabara irin wannan ba." Kuma gaskiya na faɗa.

Ranar Laraba ya kwantar da kekensa, tsohon baƙin keken nan mai nauyin saniya da ya gada wurin kawunsa. Ya cire kariya da katifarta mai geza. Ya cire madigadi, ya cire ƙararrawa, ya cire madubai biyu. Da ya zo kan birki sai ya tuge na gaba da na baya, ya ɗaga su sama kamar wanda ya kashe maciji, ya wurga su kan rufin shagon mai shayi. Keke ya koma kamar kazar da aka fige.

Saura firi, ɗan faifan haƙoran nan na tayar baya da ke barin mutum ya huta da taka feda a gangara. Ya kai wa Wasike mai walda.

"Ka liƙe mini shi ya mutu murus. Kada in sake jin ya ce tik-tik-tik."

Wasike ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube shi sama da ƙasa. "Lusweti, mutane firin da ya kama suke kawowa a sake musu. Kai ka kawo lafiyayye in kashe?"

"Kai dai ƙona ƙarfe aka koya maka. Tunani ka bar wa masu shi."

Wasike ya ƙona.

Ranar Alhamis aka yi gwaji a gaban tasha. Ya hau, ya taka, keke ya tafi sumul. Ya waiwayo yana ɗaga mana hannu kamar ɗan takara, sai ya tsayar da ƙafa don ya huta, yadda ya saba tun yana yaro. Ita kuwa feda ba a gaya mata wannan zancen ba. Ta cilla shi sama, ƙafafunsa suka zame, ta zagayo ta sharara masa a ƙwauri, ta sake zagayowa ta ƙara masa don kada ya manta. Sarƙa ta cafke ƙafar wandonsa ta cinye har gwiwa. Buhunan gawayin wata mata ne suka karɓe shi.

Ya taso baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani.

"Na gano matsalar! Ƙafa ce ke gudu daga feda. 'Yan Nairobi ɗaure tasu suke yi."

"In ɗauri ne," na ce, "ai ka zo wurin mai shi."

Duk Kimilili an san ɗaurina. Da tsohuwar robar taya na taɓa ɗaure buhun masara uku da alade mai rai a bayan keke, na kai su kasuwar Chwele. Ba abin da ya motsa, aladen har barci ya yi.

Asabar da hantsi Farfesa ya fito cikin kwat ɗin aro da jan taye, ya cusa ƙafafun wando cikin safa. A saman gangara ya hau keke ya dafa wata bishiya, ni kuma na durƙusa na naɗe ƙafarsa ta dama da feda, naɗi bakwai, ƙulli uku. Ta hagu ma haka.

"Ya yi, Farfesa?"

"Ƙara ja. Aure za mu nema, ba wasa ba."

Na ƙara ja. Bai tambaye ni yadda zai kwance ba, ni kuma ba na son amsa tambayar da ba a yi mini ba.

Da yake ni ne ɗan rakiya, na riga shi sauka a kekena mai birki biyu. Na tarar an share gida fes. An shafe bangon babban ɗaki da sabon kashin shanu da jar ƙasa saboda baƙi, ko bushewa bai gama yi ba. Dattawa biyar na zaune a fili, Baba Murunga a tsakiya da sandarsa. Ƙamshin kaza na tasowa daga kicin, inda Mama Naliaka, uwar yarinyar, ta ɓuya. Dole ta ɓuya, don mu 'yan ƙabilar Bukusu, suruka da mai neman 'yarta ko hannu ba sa haɗawa. In hanya ta haɗa su, ɗaya ya ratse cikin ciyawa. In kuwa jiki ya taɓa jiki, sai an yanka tunkiya an wanke abin kunyar.

"Ina mutumin naka?" in ji Baba Murunga.

"Yana tafe, Baba. Ku ɗan janye ƙafafunku."

Sai ga ihu daga saman gangara. Muka ɗaga kai. Ga Lusweti nan, ƙafafunsa na juyawa kamar keken ɗinkin tela ana gobe Kirsimeti, taye ya miƙe a bayansa kamar wutsiya. Ya faɗo ta ƙofar shinge, kaji suka watse. Daidai kujerar tsoho ya danne feda yadda ya gani a waya. Feda ta ɗaga shi daga sirdi ta mayar da shi, ya wuce dattawa fuu, ya zagaya bayan ɗaki, ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ni kuwa, da yake an yi mini tarbiyya, na tashi na rufe ƙofar shingen don kada maraƙi ya fita.

Filin gidan a shimfiɗe yake, a zagaye na uku gudu ya ragu. A nan ne Farfesa ya gane abin da ni na gane tun a gindin bishiya. Tsayawa kam zai iya, amma ba shi da ƙafar da zai sa a ƙasa. Yana tsayawa zai kife rim a gaban surukai, shi da keke da kwat ɗin mutane. Sai ya gyara zama, ya ƙaƙalo murmushi, ya ci gaba da zagaya ɗakin a hankali.

"Barka da hutawa, Baba!" Ya wuce.

Tsoho ya jira har ya ɓullo. "Yauwa. Ka zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau! Ya iyali?" Ya wuce.

Kawun yarinyar, wani dogon dattijo mai haƙori ɗaya, ya ce, "Yaro, sauko mana ka zauna."

"Yanzun nan, Kawu! Ina ɗan duba gidan ne!"

Ya nufi bishiyar mangwaro zai dafa, karen da aka ɗaure a gindinta ya taso masa da haƙora. Ya karkato wajen bango, Baba Murunga ya ɗaga sanda: "Kul! Jiya mata suka wuni suna shafa shi." Ya leƙa shinge, ƙaya ce zalla. Da ya zo wucewa ta kusa da ni sai ya yi magana ta gefen baki.

"Situma, wuƙa."

"Me ka ce?"

Ya tafi ya dawo. "Wuƙa, ɗan banza!"

"Haba Farfesa, wa ke zare wuƙa a gidan surukai?"

Kawu ya ji tausayinsa ya ce, "Ko mu tare shi mu riƙe ne?"

Ai kuwa Lusweti ya ji. "Kada wanda ya taɓa ni! Haka ake yi a Nairobi!"

Dattawa suka dubi juna. Ba wanda ya taɓa zuwa Nairobi a cikinsu, kuma ga shayi na hucewa. Sai suka yanke shawarar a fara tambayoyi a haka, tambaya ɗaya zagaye ɗaya.

"Sana'arka fa?"

"Injiniya!" Ya wuce.

"Shanu nawa ne a garken mahaifinka?"

"Goma sha biyu..." Ya ɓace a bayan ɗaki. Dattawa suka gyaɗa kai, fuska ta fara saki. Ya ɓullo yana haki. "...kafin ciwon bara!"

"Yanzu fa?"

Wannan karon ya daɗe a bayan ɗaki.

Naliaka ta leƙo ta taga, ido ya cika da hawaye. "Lusweti, don Allah ka faɗi kawai mana! Ba wanda ya taɓa mutuwa don ya faɗi a keke a tsakar gida!"

"Injiniya ba ya faɗuwa, masoyiya!"

"Injiniyan me? Ran Lahadin nan ko tayar da ka liƙe mini sacewa ta yi kafin in kai coci!"

Kwana ta zo, ya wuce.

Aka kawo masa shayinsa da mandazi huɗu, irin fanken nan namu. Na ga bai kamata a mayar wa surukai abinci ba a taɓa ba, sai na wakilce shi. Ina ci ina ƙirga. Zagaye na talatin kwat ta jiƙe sharkaf. Na talatin da biyar wani dattijo ya ce jiri yake ji, ya juya kujerarsa ya fuskanci shinge. Kare ma ya gaji da haushi, ya kwanta yana binsa da ido. Baba Murunga dai ya ɗora haɓa a kan sanda, kai na tafiya hagu, yana dawowa dama.

Duk wannan bidirin Mama Naliaka ba ta sani ba. Tana kicin tana tuƙa ugali, tuwonmu na masara. A lissafinta baƙo ya daɗe da shiga ɗaki ya zauna yadda baƙi ke yi, hanya ta zama tata. Sai ta ɗora tire a ka, ugali kamar tulun ruwa da kwanon kaza a gefe, ta fito ta ɗan lungun da ke tsakanin ɗaki da rumbu. Mace ce ginanniya, irin wadda ke ɗaukar damin rake biyu daga gona tana hira.

Daidai nan Lusweti ya karyo kwana a zagaye na arba'in da ɗaya. Dama rumbu. Hagu ɗanyen bango. Gaba suruka.

"Mama, kauce! Mama, al'ada!"

Na ga yatsunsa suna matsa inda birki yake a da. Iska suka matsa.

Ina Mama za ta kauce da tire a ka? Ta dai kafa ƙafafu a ƙasa. Tayar gaba ta shige tsakanin gwiwoyinta, ta matse. Keke ya tsaya cak kamar an dasa shi. Lusweti kuwa ya zarce gaba ya rungume ta da hannu bibbiyu, fuska a kafaɗarta. Ugali ko girgiza bai yi ba.

Naliaka ta rufe taga. Dattawa suka sauke huluna a kan idanu.

Can Kawu ya ce a hankali, "Tunkiya."

Mai jiri ya leƙa ta ƙarƙashin hula. "Biyu. Har yanzu bai sake ta ba."

Ta yaya zai sake ta? Yana saki zai kife. Sai ya ƙara ƙanƙamewa. Mama ta kafe ido a sama kamar mai addu'a, ta ce, "Murunga, in ka gama kallo, kazar nan tana hucewa."

Kana tsammanin nan bakin Farfesa ya mutu? Daga kafaɗar surukarsa ya ɗago kai, gumi na ɗiga, ya ce, "Baba, ka dai gani da idonka. Cak na tsaya. Kuma ba birki."

Baba Murunga ya miƙe a hankali. Ya zagaya keken, ya taɓa waldar da bakin sanda, ya sunkuya ya duba ƙullina ya jinjina kai. Sannan ya dubi matarsa da tire a ka da saurayi a wuya.

"Na gani, ɗana. Birkin ma na gan shi. Shekara talatin ke nan muna tare."

Ya juyo wurina.

"Situma, ajiye kofin nan ka zo ka kwance abokinka ka mayar da shi tasha. 'Yata ba za ta hau keken da uwarta ce birkinsa ba."