Ranar da Na Sabunta Kwamfutocin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe takwas da rabi na safiyar wata Asabar ba, lokacin da adaidaita sahu biyu suka tsaya a ƙofar shagon Kawu Isuhu a Gaya, suka sauke 'yan mata daga Gafasa. Ranar Litinin za su rubuta jarrabawar shiga jami'a, wadda a kwamfuta ake yi, kuma yawancinsu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Wannan Asabar ce kaɗai damarsu ta gwaji.

Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa ina murmushi, abin da ba kasafai nake yi ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, tsohon malamin makaranta. Kwamfutocin shagonsa tsofaffi ne, Linux ce a kansu, manhajar nan ta kyauta da mutane daga ko'ina suke haɗuwa su gina. Masu ginin kan fitar da ita gida biyu. Akwai tsayayya, wadda aka daɗe ana gwadawa, ba ta da ado amma ba ta ba da kunya. Akwai kuma ta gwaji, wadda duk wani sabon abu a cikinta yake fara sauka. Kawu tsayayyar yake amfani da ita. Ni da na dawo hutu daga makaranta a Kano, sai na ga abin kamar ƙauyanci.

Na karanta bayanin sabuwar, wato ta gwajin, daga farko har ƙarshe (ni ce mai karanta takardar cikin kwalin magani, har da gefen Faransanci). Abu guda ne ban yi ba: ban tambayi Kawu ba. Ban iya yi wa babba doguwar magana ba, sai na ga ya fi sauƙi in ba shi mamaki. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci ya bar mini mukulli in yi shara, na ɗora ta a kan kwamfutocin duka, ban da wata ta lungu mai tsagaggen gilashi da na raina.

Aka kunna. Fuskar ta fito tsaf, launuka kamar sabuwar atamfa. 'Yan matan suka ce, "Kai!" Na ɗan sunkuyar da kai irin na wadda aka yaba.

Sai manhajar gwajin jarrabawar ta ƙi buɗewa. A ta farko, a ta biyu, a duka.

Malama Hadiza, wadda ta rako su, ta dube ni. "Ƙanwata, lafiya dai?"

"Tana tunani ne," na ce.

Wata 'yar siririya a gaba ta ce, "Anti, in ta gama tunanin ta taya mu da lissafi." Aka kwashe da dariya.

Na durƙusa na shige ƙarƙashin tebur da sunan duba waya. Wayoyin lafiyarsu ƙalau, na kuma san haka. A can nake har na ga takalman Kawu sun shigo, sun tsaya, sun juyo sun fuskance ni.

Ya kunna ta lungun nan, ta buɗe ba gardama. A kanta 'yan matan suka yi layi har la'asar, kowa ta taɓa kaɗan ta tashi. 'Yar siririyar, da layi ya zo kanta, ta danna amsa guda, aka ce lokaci ya yi. Ba ta sake yin barkwanci ba.

Lahadi na wuni ina mayar da tsohuwar. Kawu yana zaune yana jan carbi. Na yi ta juya tambaya a raina, sai da yamma ta fito.

"Kawu, to in ba za a yi amfani da sabuwar ba, don me suke yin ta?"

Ya kai ƙarshen carbinsa tukuna.

"Don irinku, masu karance-karance. Ki ɗora a taki, ta lalace, ki gaya musu inda ta lalace, su gyara. Sabon iri a gefen gona ake gwada shi, 'yata. Kuma gonar mutum, ba ta maƙwabta ba."