Ranar da teku ta gudu ta bar ni da jirgin Baba Idirisu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na raka Baba Idirisu zuwa garin Suwes, a bakin teku, ba. Baba Bahaushen Sudan ne, iyalinsa suna unguwar Ard al-Liwa a Alƙahira, inda nake karatu, a masallaci muka saba. Duk abin da ya mallaka a duniya jirgin katako ne ƙarami da yake kai mutane kamun kifi da shi. In sanyi ya shigo, iska takan haukace, dole ya samo wa jirgin lungun da zai zauna cikin ruwa har zafi ya dawo, don in aka fitar da shi katakon bushewa yake yi ya tsage.

Ni kuwa ɗan Yawuri ne, kuma bakina ba ya rufuwa. Tun daga Alƙahira har muka sauka mota ina ba shi labarin yadda na tashi a cikin kwalekwale. (Gaskiyar magana, kawuna ke tuƙi, ni kwasar ruwa nake yi da ƙwarya.) Baba dai murmushi yake, yana cewa "tamam, ɗana."

Da muka isa tashar masunta ya ce in zauna a jirgin, zai je ya nemi mai kula da wurin. Na duba na ga jirage sun cunkushe waje guda kamar motoci a tasha, ga kuma wani lungu can bayan duwatsu, ruwa kwance luf, babu kowa. Na ce lallai mutanen nan ba su da ido. Na tura jirgin can, na ɗaure shi tam a jikin wani ƙarfe, igiya a gajarce yadda muke yi a gida. Na je na sami Baba na ce, "Baba, khalas, an gama, jirgi na nan lafiya." Ban faɗa masa ina ba, so nake ya gani ya yaba. Muka yi azahar, muka ci kifi, aka yi ta jiran mutumin har bayan la'asar.

Da muka koma, babu ruwa a lungun. Wallahi babu. Jirgin ya rataye da hanci a sama, gindinsa a taɓo, ya karkace, ga wani dutse mai kaifi bai fi tafin hannu ba tsakaninsa da katakon. Masunta sun taru. Ni kuma, ɗalibin jami'a guda, na buɗe baki na ce, "Baba, dam suka rufe ne?"

Baba ya naɗe wando ya shiga taɓon, dattijo mai shekara kusan saba'in, yana shafa cikin jirgin katako bayan katako. Ya sa aka kawo tsofaffin tayoyi ya cusa ta gefen dutsen, ya sassauta igiyar kaɗan-kaɗan. Sannan ya nuna mini wani koren layi a jikin duwatsu, sama da kaina. "Nan ruwan yake kaiwa, ɗana. Sau biyu kullum yake tafiya ya dawo. Kogi sai shekara, teku kuwa kafin ka gama cin abinci."

Wani masunci ya tambaya da Larabci, yana dariya, wane gwani ne ya ɗaure jirgi a nan. Na ji kamar in nutse a taɓon. Baba ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ni ne. Ma'alish, a yi haƙuri, tsufa ne." Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a teku ya tsaya ana yi masa dariya saboda ni. Kunyar wannan ta fi ta jirgin ciwo, har yau.

Ruwa ya dawo, jirgin ya miƙe babu tsaga, muka mayar da shi cikin cunkoson da na raina. Yanzu in na ga wuri mai kyau wayam alhali jama'a na matsuwa a gefe, nakan fara tambaya kafin in ɗauka na fi su wayo.