Dattijo Ya Buga a Tsakiyar Dam

Da zuciya cike da baƙin ciki, da bakin da ya gaji da tsaki, ni Abdulrahman Mai Jirgi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Funtua, Malumfashi, Ƙarfi da kewaye rasuwar injin jirgina, wanda kowa ya sani da Dattijo. Ya cika ranar Litinin da hantsi a tsakiyar dam, yana bakin aiki, ɗauke da kwandunan tumatir da mata uku. Shekararsa goma sha tara a hannuna. Waɗanda ya yi a Yawuri kafin in sayo shi, sai Allah.

Marigayin bai san ƙiwuya ba. Ja ɗaya, ja biyu, ya yi tari tuf, tuf, sai ya ɗauki tatatata har tsallake. Da wannan muryar masu lambu suke sanin lokacin fito da kaya bakin ruwa. Hanyar zagaye awa uku ce, ramuka zalla, tumatir ba ya isa da ransa. Dattijo minti ashirin yake yi. Ya ɗauki taki, ya ɗauki amare, ya taɓa ɗaukar mai naƙuda ta sauka lafiya. Man da aka gauraya da kananzir ma ya sha bai yi ƙorafi ba.

Jinyarsa ba ta taka kara ta karya ba, abin da ke cin raina ke nan. Tamostat ɗinsa ne ya tsufa ya cije, wato ɗan ƙarfen nan kamar murfin kwalba da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗau zafi. Na je wurin Chidi mai kayan gyara a Funtua, bawan Allah ya sa aka nemo mini sabo daga Kudu, daidai da na jikinsa, har da gaskit, 'yar shimfiɗar da ke hana ruwa yoyo. Ya ja mini kunne ya ce, “Malam, cire tsoho, sa sabo, ɗaure noti a hankali. Kada kowa ya ce maka wani abu.”

To, sai wani ya ce mini wani abu. Ƙanwata Adawiyya ta zo har gida ta ce, “Yaya, ka ba Tanimu aikin mana, mutane su ga ka yarda da shi.” Tanimu mijinta ne, mai gyaran babur da injin ban ruwa. Injin jirgi kuwa a hannuna ya fara ganinsa.

Ya zo da sifana ɗaya da guduma. Noti ya yi tsatsa, maimakon ya jiƙa shi da mai ya jira, sai ya murɗe har ya karye. Ya zaro tsohon tamostat, ya ɗaga shi sama a gaban jama'a ya ce, “Yaya, wannan ai na ƙasar ƙanƙara ne. Mu nan duk motar da ta shigo cire shi muke yi, inji ya sha iska.” Ya wurga shi cikin dam, cul. Na miƙa masa sabon, ya ture hannuna yana dariya. Gaskit ɗin Chidi ya yage a hannunsa, ya yanko kwalin sukari ya maye gurbinsa, ya danƙara gam a wurin notin da ya karye. Kwalin sukari, jama'a! A jikin dattijon da ya ga kogin Kwara!

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ina tsaye, sabon yana aljihuna, na yi shiru don kada in kunyata mijin ƙanwata a bainar jama'a. Tir da irin wannan kunyar.

Kwana huɗu marigayin ya yi yana haƙuri. Ran Litinin muna tsakiyar ruwa ɗan fitsarin da yake yi ta baya, wato ruwan da ke sanyaya shi, ya tsaya, kwali ya jiƙe ya saki, ƙauri ya tashi. Ya ce ƙar, ƙar, ƙaf. Kalamansa na ƙarshe ke nan. Da murfin bokiti da takalmin Hajjo, babbar mai lambun tsallake, muka tuƙa zuwa gaɓa. Kafin mu iso motar 'yan gwari ta tashi, tumatir ya wuni a rana ya zama miya tun a kwando. Hajjo ba ta zage ni ba. Ta karɓi takalminta ta ce, “Malam Abdu, mun gode.” Wallahi da mari ta yi mini ya fi sauƙi.

Da aka gaya wa Tanimu, cewa ya yi kwanan Dattijo ne ya ƙare. Mtsww.

Marigayin ya bar jirgi ɗaya a kife, jarkar mai, igiyar ja da ta saba da hannuna, da masu lambu da yanzu suke ɗaure kwando a bayan babur suna wuce ni ba su waiwaya. Ya kuma bar maraya guda, sabon tamostat, yana nan cikin ledarsa bai taɓa ganin ruwa ba.

Za a yi masa wanka da fetur gobe a gindin mangwaron bakin dam. Ran Alhamis za a kai shi Funtua wurin masu narka dalma, su zuba tukwane. Wanda zafi ya kashe, kan murhu zai ƙarasa. Na roƙi maƙerin ya ware mini tukunya ɗaya, Adawiyya zan kai wa, Tanimu ya riƙa cin tuwo safe da yamma daga cikin wanda ya kashe. An yafe masa zuwa gaisuwa, kuma kada ya aiko da sifana.

Zaman makoki kwana uku ne a bakin ruwa, daga hantsi zuwa azahar. 'Yan uwa na tsallake da ke son zuwa, ku yi haƙuri ku yi sammako ku zagayo ta hanya. Awa uku ce.