Nomau da Fitilun A-kori-kura

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani mutum, Nomau, da ke zaune gidan wansa Sallau. Nomau ba malalaci ba ne. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Gidan kuwa kaf da tsohuwar a-kori-kurar Sallau suka dogara, wadda ke kai tumatir kasuwar birni da asubar fari. In rana ta riga motar isa kasuwa, masu saye sun watse, tumatir ya zama ruwa.

Wata rana motar ta yi karo da bijimi, fitilun gaba suka tsage, bijimin ya yi tafiyarsa ko waiwaye babu. Sallau ya kwance fitila ɗaya ya ba Nomau, ya ce ya je birni ya sayo irinta sak. Nomau ya zagaye masu kayan gyara, ko'ina sai lafiyayyu ake nuna masa. Da ya gaji ya sayi ɗaya, ya zauna bakin shago da dutse, yana duban tsohuwar yana ƙwanƙwasa sabuwar a hankali, har tsagar ta fito daidai. Ya kawo su gida yana alfahari, ya ce wa wansa ya nuna tsohuwar in ya iya.

Wata rana kuma, bayan Sallau ya huce, ya sake aikensa, ya ce kada ya karɓa sai ya ga da idonsa tana haska hanya. Mai shago ya jona fitila da batir ta kama. Nomau ya ce shi bango ya ga ta haska. Ya ɗora batir a ka, ya rungumi fitila, ya bi titi da ita da tsakar rana, mai shago na binsa yana roƙon kayansa. Ya dawo gida hannu wofi, ya ba da labari cewa fitilun birni duk na bogi ne, domin da su da babu, hanya yadda take take.

Tumatir ya nuna a gona, ga damina ta kankama, ran Sallau ya ɓaci ƙwarai. Ya je da kansa ya sayo fitilun. Wata rana da yamma, ana ta loda kwanduna, ya bar wa Nomau ɗaurawa, ya ce, “Ƙasa za su haska, ba idon masu tahowa ba. Ka ji? Ƙasa.”

Da asuba, bayan ruwa ya kwana yana zuba, Sallau ya kunna fitilu. Haske ya zube a gaban taya, bai wuce tsawon tabarma ba. Lokacin gyara babu. Haka suka tafi da saurin jaki, Sallau na faɗa, Nomau na gefensa hankali kwance. Can sai Sallau ya taka birki. Kwalbatin rafi ruwa ya tafi da shi, hanya ta yanke, sai rami da ruwa na gudu a ƙasa. Da a gudunsa na kullum yake, da babu birkin da zai tsayar da su.

Sallau ya riƙe sitiyari gam. Nomau ya leƙa ta taga ya dubi ramin da kyau.

“Yaya, ka gani? Waɗannan kam suna haska ƙasa.”