Muciyar da Almustafa Ya Kawo Daga Indiya

"Lahiya lau, maigida. Ina gajiyar hanya? Ko da yake moto ya kamata in tambaya, shi da ya ɗauko ƙato tun daga Tawa."

Lalla ba ta ɗaga kai ba. Tana tsakar gidanta a Barmu, ta baza busasshen wake bisa tabarma tana bugu da wani faffaɗan itace mai mariƙi. Jikanta Abdurazak, mushe, wato malamin wasanni, a wata makaranta a Tawa, ya tsuguna yana kallon itacen kamar zai yi kuka. Na mahaifinsa ne, marigayi Almustafa, wanda ya zo da shi daga karatun noma a Indiya. Ɗan farin Lalla ne, ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi, don haka har ya bar duniya ba ta tambaye shi amfanin abin ba.

"Amarya, wanga itace na zo ɗauka."

"Muciyata? Miji ya zo hannu wofi, ko goro babu, kuma zai kwashe kayan ɗaki?"

"Wace muciya? Sandar kurket ce!"

"Na gwada tuƙa tuwo da ita sau ɗaya, ta ƙi shiga tukunya. Na ce Indiyawa dai akwai ci. Mi ne ne kurket?"

"Wasa ne. Na haɗa ƙungiya huɗu a lakwal ɗin da nake koyarwa, za mu yi gasa. Mai sassaƙa ya yi mana sanda biyu, duk sun tsage. Ya ce sai ya ga ta gaske."

"Sai ya zo Barmu ya gani. Ba ta fita gidanga." Ta ɗora itacen bisa cinya. "Yaya ake wasan?"

"Mutum goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya tare da wagga sanda. Bayansa an kafa ƴan itace uku. In ƙwallo ta taɓa su, ya fita."

"In ya buge ta fa?"

"Sai ya ruga."

"Ina?"

"Can gaba kaɗan, ya dawo."

"Ya ruga ya dawo inda ya taso? Ashe wasan danginku ne. Haka kakanka ya yi da Abijan."

"Ke da kika ƙi bari ya zauna can! Turawan Ingila suka fara shi. Da, in garuruwansu suka kara, kwana uku suke yi, wani lokaci a tashi ba wanda ya ci."

"Kwana uku? Wa ke ba dabbobinsu ruwa?"

"Abin da ƴan kallo suka ce ke nan, suka daina zuwa. Shi ne wajen shekara sittin da suka wuce aka fito da gasar yini ɗaya. Aka ƙayyade jifa. Waɗanga su yi bugunsu, waɗancan su yi nasu, kafin rana ta faɗi an san gwani. Wanda aka kayar ya tafi gida, har a bar biyu."

"To, kokowa ke nan, ta ragwaye. In ruwa ya sauko fa?"

"Sai a tsaya."

"Ruwa ya sauko su yi baƙin ciki?"

"Sosai."

"Allah ya shirye su. Su aiko mana da shi nan Adar, mu aika musu da kai."

"In na tafi wa zai aure ki, ba haƙori?"

"Layi ake yi. Jiya ma wani Buzu ya yi mini tayin raƙumi."

"Raƙumin ne ya gan ki ya ƙi tsayawa."

Ta kai masa bugu, ya kauce. Sai ta shiga shafa mariƙin, wurin da zaren ya yi baƙi. Ta daɗe tana zaton hayaƙin madafa ne ya ɓata shi. Yanzu ta lura baƙin bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, daidai inda ɗanta yake riƙewa.

"Ubanka," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ya yi wasan can?"

"Ya yi. Gasar makarantarsu."

"Ya iya?"

Abdurazak ya sosa ƙeya. "Gaskiya kike so?"

"Da ƙarya nake so, da na tambaye ka yaushe za ka yi aure."

"Da bakinsa ya gaya mini. Jifar farko ake fidda shi. Abokansa suka ba shi sandar ranar da zai taho, wai ya je gida ya koya."

Dariya ta ƙwace wa Lalla har ta kama ciki. "Na sani! Yaron da aka sa korar tsuntsaye a gona, ya jefi buwa ya fasa mini tulu!" Ta goge ido da bakin zane, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta kakkaɓe ƙaiƙayin da ke jikin itacen, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ungo, ragon miji. Ranar karawar ƙarshe ka aiko kabu-kabu ya ɗauke ni. Ina so in ga ko ka gaje shi."