Yadda Za Ki Gane Man Garar Maƙwabta Ba Ki Buɗe Jarka Ba

Ke 'yar'uwa, an kawo gara gidan Hadijatu, jarkoki a jere, an ce duk man gyaɗa ne. Wa ya gani? Bi matakan nan, kafin a raba wa maƙwabta kin san komai, kuma rabonki na nan. Ni Iya Kabo na ɗau alkawari.

1. Samo ilimi ta katanga
Malama Amatullah na koya wa 'yan mata kimiyya a tsakar gidanta. Ki kafa kunne. Can na ji cewa litar ruwa kilo ɗaya ce, kuma kowane abu na da lambarsa in an gwada shi da ruwa. Sunan lambar na karya haƙori, bar shi. Ta man gyaɗa dai sifili da ɗigo tara ce.

2. Ninka
Lita sau lambar, nauyi ya fito. Jarka mai lita ashirin da biyar, in mai ne zalla, kilo ashirin da biyu da rabi. In ta haura sosai, ayyiriri, an yi algus!

3. Shiga da sikeli
Wanda ɗanki ya sayo miki don likita ya ce ki rage tuwo. Ɓoye shi a hijabi. Ki ce, "Hadijatu, kawo in kama muku, tsufa bai hana zumunci ba." Ja jarka bayan ƙyaure, ɗora.

4. Yaɗa
Gida uku sun isa. Fara da Rauda mai kitso, ki ce amana ce.

5. Shinshina marfi tukuna
Wata tsohuwa, ba ni ba, ta auna jarka ta ga kilo talatin da biyar. Ta fito tana tafa hannu: "Jama'a, ruwa da yashi dangin amarya suka ɗuro!" Hadijatu ta kwance marfi a gaban kowa. Zuma ce, kawun amarya ya aiko daga Mai'adua. Lambar zuma kuwa ɗaya da ɗigo huɗu ce. Ranar da Malama ta faɗi wannan lambar, tsohuwar, baiwar Allah, ta tafi bikin suna Sandamu.

Kowane gida ya samu kwalba. Ita kuwa tsohuwar, sikelinta kawai aka aika mata.

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, babu ruwan Iya Kabo, ban ma san ki ba. Amma in taki kwalbar ta iso, leƙo da cokali ɗaya. Tari ke damun tsohuwar nan.