Farar Saniyar Cikin Waya

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin jikata Jamila ba. Ko na so in manta ma matan Mbamoi, unguwar mijinta, ba za su bari ba, don har yau in muka haɗu a gidan suna sai wata ta matso, fuska a ɗaure kamar mai ta'aziyya, ta ce, "Hajja, yaya shanu? An sako su?"

Bari in faro muku daga farko. Ni ban yi boko ina yarinya ba. Sai da haƙorana suka fara yi mini sallama na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Shagari Low Cost, shekarar da mutanen Mubi suka gudo suka cika mana gari da ƙunshin kaya a ka. A shekarar ne kuma garkenmu ya tafi. Shanun marigayi maigidana suna hannun ƙaninsa can gefen Madagali, yaran daji suka kore su kaf, har da wata fara tawa mai ƙaho kamar an zana. Na wayi gari Bafulatana ba saniya, sai karatu. To, na riƙe karatun da hannu biyu. Allon shago ban bari ba, bayan keke napep ban bari ba, kwalin magani ban bari ba. (Hausa kenan. Turanci kuwa sai dai in gyaɗa kai kamar na gane, amma wa zai sani in ba ni na faɗa ba?)

Jamila a hannuna ta tashi, kuma tun tana ƙarama ba ta da aiki sai buga gem. Sau ɗaya na ji ta tana yi wa ƙawarta alfahari wai gem ɗin ƙwallon da take bugawa ba saya ta yi ba, kwafa aka yi mata a kasuwa. Na ƙwace abin dannawar na kulle a akwatin zannuwana. Na yi mata wa'azin da limamin unguwarmu ma bai taɓa yin irinsa ba. "Sata sata ce," na ce mata, "ko ta akuya ce ko ta cikin talabijin." Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta same ni.

Ita ce dai daga baya ta ga ina yawan zama shiru da yamma, ta saya mini wani gem na gona ta sa a wayata. Na ce mata ni ba sa'arta ba ce. Kafin sati ya zagayo na ƙona miyar kuka ina ba maraƙi ruwa. Kowace saniya na raɗa mata suna. In maƙwabciya ta yi sallama sai in ce ta dakata ina tatsa, ita kuma ta tsaya a tsakar gida tana waige-waige tana neman saniyar.

Sai wata rana na shiga kasuwar cikin gem ɗin na gan ta. Fara fat, doguwa, tozo a miƙe, ƙaho kamar an zana. Wallahi sai da na ajiye wayar na share ido. Na danna ta. Kwaɗo ya fito a jikinta. Na sake dannawa, kwaɗo. Jamila ta leƙo ta ce, "Dada, wannan sai an biya. Kuɗin gaske, ba na cikin gem ba."

"Ba kin biya gem ɗin ba?"

"Na biya gonar. Ita farar daban ake sayarwa."

"Wane irin mutum ne zai sayar miki da gona ya kulle saniyarsa a tsakiya, kullum ki wuce kina kallonta?"

"Kamfani," ta ce, ta ci gaba da cin gyaɗarta.

Kuɗin ba wai ya fi ƙarfina ba ne. Zuciyata ce ta ƙi. Ni da na yi shekaru ina sayar da man shanu a kasuwar Jimeta, ban taɓa sayar wa mutum kwalba in ce marfin sai ya ƙaro ba.

Na ɗauki mayafi na nufi shagon Obinna, wani ɗan Ibo mai gyaran waya da sayar da gem, wanda matarsa Mama Chidi ƙawata ce tun zamanin man shanu. Na tarar da samari cike da benci suna musu kamar za a daku, kuma ashe a kan damuwata ne.

Wani dogo yana cewa, "Ni da na biya kuɗina, in sabis ya ɗauke sai gem ya kulle ni a waje wai sai ya tabbatar ni ne. Kun tuna lokacin da aka yanke sabis a jihar nan? Abina na halak yana hannuna ina kallonsa kamar hoto. Wanda ya kwafa kuma yana buga nasa har a ƙarƙashin gado."

Wani mai gilashi ya ce, "To waɗanda suka zauna suka ƙera abin fa, iska za su ci? Kai in ka yi wa mutum ɗinki kyauta kake yi?"

"In na yi ɗinki ba na cire aljihu in ce a dawo gobe a saya."

"Aljihu dole ne, farar riga ga ɗan wasanka ba dole ba ce. Kwaɗayinka ne."

Abin da dogon ya faɗa shi ne a cikin cikina, kalma da kalma. Amma ga samari sun ga tsohuwa da carbi, sun matsa mini wuri, suna jiran su ji hukunci. Sai na gyara mayafi na ce, "Kai dogo, ji nan. Ko sun cuce ka, ba a rama cuta da sata. Sata sata ce." Mai gilashi har da tafa mini. Na zauna ina jan carbi har suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Da shagon ya rage daga ni sai Obinna, na matsa na nuna masa farar. Na yi ƙasa da murya na ce, "Wannan kwaɗon, yana ciruwa?"

Ya kalle ni, ya kalli ƙofar da samarin suka fita. "Mama, ba kai ne yanzu yanzu ka ce haram ba?"

"Ni ban ce ka saci komai ba. Ƙofa na ce ka buɗe, saniyar za ta fito da ƙafarta."

Ya yi dariya har ya riƙe teburi. Ya ce akwai wani irin gem ɗin da aka fasa wa kwaɗo, komai a buɗe, zai juye mini gonata a ciki. "Amma Mama, ji da kyau. In ya tambaye ka wani abu, ko mene ne, danna ja. Kar ka taɓa kore. In ka taɓa kore, no be me o."

Na dawo gida da farar saniya, da 'yan'uwanta da ban ma nema ba, da rijiya mai famfo. Jamila ta gani ta ɗaga gira. Na ce mata na biya. (Na biya mana. Obinna na biya.)

Ana haka bikinta ya zo. Mijin ɗan Mbamoi ne, gidan shanu na gaske. Ranar ɗaukar amarya matansu suka cika mana falo, jagorarsu Goggo Dudu, yayar baban ango, wata siririyar tsohuwa mai baki kamar reza. Kun san yadda ake yi, dangin ango da na amarya sai an taɓa juna da wasa kafin a miƙa yarinya. Jamila tana tsakiya a kan tabarma, an lulluɓe ta ruf.

Goggo Dudu ta kurɓi kunu ta dubi rufin ɗaki ta ce, "Fulanin birni. Madara a gwangwani, Fulatanci a aljihu. Allah ya sa dai yarinyar nan in ta ga saniya ba za ta hau bishiya ba."

Aka yi dariya. Wasa ne, na san wasa ne. Da na ce mata namu garken yana can inda yaran daji suka kai shi, da ta ba ni haƙuri, da an wuce wurin. Amma ni ba na son a ji tausayina a cikin falona. Sai na ji bakina yana cewa, "Mu shanunmu na zamani ne, Goggo. Ba kaska, ba rigima da mai gona. Ku jona mini wayar nan a talabijin."

Wata ƙawar amarya ta jona. Gonata ta cika bango. Ku zo ku ga matan Mbamoi sun miƙa wuya. Na fara gabatarwa kamar mai shela: ga Baƙa, ga Mai Gatari, ga 'Yar Lele. Na ajiye farar a ƙarshe. Da ta tako tana rangaji, falon ya ɗauki "Masha Allah." Goggo Dudu da kanta ta ajiye kofi ta ce, "Wannan kam an san asalinta. Ƙahon nan ba na banza ba ne." Ni kuwa kaina ya kumbura har ɗankwalina ya fara matse ni.

Nan ne wani rubutu ya faɗo tsakiyar talabijin ya rufe fuskar farar. Turanci, layi-layi, a ƙasa ga ja ga kore.

Ƙawar amarya ta miƙo hannu ta ce, "Dada, kawo in duba miki."

A gaban Goggo Dudu? Bayan na gama gaya wa kowa tun safe cewa ni da kaina na karanta katin gayyata? Na janye wayar na ce, "Bar shi, na iya karatu." Na kafe rubutun da ido, ina motsa leɓe yadda malamarmu take yi. Ko kalma ɗaya ba ta gaishe ni ba. Maganar Obinna ta zo mini, amma sai ta zo a birkice: ja ya ce ko kore? Na yi tunani irin na masu hankali. Ja ai haɗari ne. Kore kuwa ciyawa, abincin shanu.

Na danna kore.

Da farko shiru. Sai wata jiniya ta tashi, irin ta motar 'yan sanda, kuma ƙawar amarya ta ƙure murya tun da farko don a ji kukan shanu. Sararin gonar ya koma ja da shuɗi yana walƙiya. Sannan shanuna, Allah shaidana, ɗaya bayan ɗaya suka juya suka fito sanye da kayan fursuna. Riga mai zane-zane, har da 'yar hula tsakanin ƙaho. Suka jera layi, farar a gaba, sarƙa a ƙafa, wani zakara mai hular ɗan sanda yana kora su cikin mota. Rubutu babba ya hau sama yana rawa.

Na danna ja. Na danna kore. Na danna ko'ina. Na kife wayar a kujera na zauna a kanta, na manta abin a bango yake.

Goggo Dudu ta ce, "Hajja, ke da kika iya karatu, me aka rubuta?"

Na ce, "Gaisuwa ce. Suna taya mu murnar biki."

Sai Mama Chidi, ƙawata ta shekara da shekaru, wadda na ajiye wa cinyar kaza da hannuna, ta gyara gilashinta daga bayan falo ta ce, "A'a Hajja, ba haka ya ce ba. Ya ce wannan gona na sata ne. Ya ce mai gona ya ji kunya."

Ban san falona yana da faɗi haka ba sai ranar, don na nemi kusurwar da zan shige na rasa. Mata suka zube a kan juna. Wata ta fita tsakar gida da gudu tana riƙe da ciki. Goggo Dudu kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta bi motar da kallo har ta ɓace da shanuna, sannan ta ce a hankali, "Mun sha ganin an kama ɓarawon shanu. Yau ne na fara ganin an kama shanun an bar ɓarawon."

Amarya kuwa, lulluɓin nan sai karkarwa yake, kafaɗunta na tsalle, wani sauti na fita kamar shaƙuwa. Wata gwaggon ango ta dafa ta tana cewa, "Allah sarki, yarinya mai kunya, ji yadda take kukan rabuwa da kakarta." Na durƙusa in yi mata nasihar ƙarshe kamar yadda aka saba. Na ɗaga gefen mayafin. Hawaye shaɓe-shaɓe, kwalli ya zubo har haɓa, amma ba na kuka ba ne. Ta kamo hannuna ta raɗa mini, "Dada, ko ta akuya ce ko ta cikin talabijin."

Nasihar da ban yi ba kenan. Na ce Allah ya ba da zaman lafiya, na saki mayafin.

Gonar ta tafi gaba ɗaya, har Baƙa da 'Yar Lele da na raina da gumina tun kafin in je shagon Obinna. Na koma na halak na faro da maraƙi ɗaya. Ra'ayina dai bai canja ba, kuma na je shagon na faɗa a gaban dogo da mai gilashi: wanda ya sayar maka da gona ya kulle saniya a ciki ba shi da kirki. Abin da na koya kawai shi ne, in za ki yi wa jikarki wa'azi, ki fara tabbatar shanunki ba za su ba da shaida a gaban surukai ba. In kuma ba ki iya karanta abu ba, miƙa wa yara, ba a mutuwa.

Farar kuwa, da Jamila ta zo ganin gida na ba ta kuɗi na ce ta saya mini ita ta hanyar Allah. Ta danna, kwaɗo ya buɗe, saniya ta tako. Fara fat, doguwa, tozo a miƙe. Kanta sumul kamar na jaki.

Na ce, "Ina ƙahon?"

Jamila ta duba ta ce, "Dada, shi daban ake sayarwa."